Yadda Ake Binciken Haƙƙin Ƙirƙira: Misalin Faifan Auna Bugun Zuciya

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a babban asibiti, musamman a ɗakin masu ciwon zuciya, ba zai rasa ganin waɗansu 'yan fayafai farare ba, kowannensu bai fi faɗin bakin kofin shayi ba, waɗanda ma'aikaciyar jinya kan ɓare wa takarda ta manna a ƙirjin majinyaci, ta maƙala musu waya, nan da nan sai ga layi ya bayyana a fuskar na'ura yana hawa yana sauka daidai da bugun zuciyarsa. Idan an gama, sai ta ɓamɓare su ta jefa a kwandon shara, babu mai waiwayarsu. Amma wannan ɗan abu da ido ya raina, wanda Turawa ke kira elektirod, mu kuma za mu kira shi faifan fata, an sha muhawara a kansa tsakanin masu ƙirƙira da hukumomi. Manufar wannan jagora ita ce bayyana yadda ake yin muhawarar, daga ranar da mutum ya shigar da takardunsa yana neman a tabbatar masa da haƙƙin abin da ya ƙago, har zuwa ranar da za a ba shi ko a hana shi. Za mu fi dogara da tsarin Amurka da na Turai, domin can ne aka fi tsananta wannan bincike.

Sanin abin da ake da'awa a kansa

Alƙali ba ya hukunci a kan gonar da bai san inda take ba, saboda haka wajibi ne mu fara da sanin faifan kansa. Zuciya, a duk lokacin da ta buga, tana fitar da wani ɗan lantarki wanda ke ratsa jiki har ya iso fata, sai dai yana isowa da rauni ƙwarai, kimanin kashi ɗaya cikin dubu na bolt, alhali kuwa batirin tocila ɗaya bolt ɗaya da rabi ne. Augustus Waller ne ya fara ɗaukar wannan lantarki daga jikin ɗan Adam a Landan cikin 1887, sa'an nan Willem Einthoven na birnin Laidin a ƙasar Holan ya ƙera na'urar da ta auna shi da kyau a farkon ƙarni na ashirin, aka ba shi lambar Nobel a kan haka cikin 1924. A zamaninsa babu faifai: majinyaci zama yake yi ya tsoma hannuwansa biyu da ƙafa ɗaya cikin bokitan ruwan gishiri. Bayan nan aka zo da farantan ƙarfe da ake ɗaurewa a hannu da ƙafa, da wani ɗan ƙoƙo mai ƙwallon roba da ke tsotsar fatar ƙirji kamar ƙahon wanzami, kafin a kai ga faifan manni na yau.

Hikimar bokitin nan ba ta gushe ba, an dai ƙanƙanta ta ne. A cikin jiki, gishirin da ya narke a ruwa shi ke ɗaukar lantarki, a cikin waya kuwa ƙarfe ne ke ɗauka, kuma inda waɗannan biyu suka haɗu sai an sami tafinta. Idan aka ɗora ƙarfe tsirara a kan fata, wani lantarki na daban kan taru a mahaɗar, mai yawan sauyawa, wanda ke iya rinjayar na zuciya ya binne shi. Amma azurfa wadda aka lulluɓe da gishirinta, wato haɗinta da sinadarin kulorin, takan yi wannan tafinta cikin natsuwa, shi ya sa ta zama abin da aka fi amfani da shi. Fatar sama kuma, da yake matacciya ce busasshiya, tana tare lantarki, don haka ake sa jel mai gishiri ya jiƙa ta, kuma ma'aikaciyar jinya kan aske gashin wurin ta ɗan goge shi tukuna. Ashe ke nan rukunan faifan sanannu ne: shimfiɗar soso ko ƙyalle mai danƙo, jel, azurfa, maɓallin da waya ke kamawa, da takardar da ake ɓarewa. Cututtukansa ma sanannu ne: jel ya bushe, danƙo ya saki saboda gumi, fata ta yi ƙaiƙayi, ko kuma, mafi muni, majinyaci ya juya waya ta fizgi maɓalli, jel ya motsa, layi ya rikice har a zaci zuciya ce ta rikice. Kusan duk mai neman haƙƙi a wannan fage, maganin ɗaya daga cikin waɗannan yake da'awa.

Takardar haƙƙi da rukunanta

Takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda Turawa ke kira fatent, Larabawa kuma bara'a, ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da jama'a: shi zai tona asirin fasaharsa a rubuce, dalla-dalla, hukuma kuma za ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izninsa ba har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa, bayan nan fasahar ta zama ta kowa. Al'adar tsohuwa ce, gama birnin Benis na Italiya ya kafa dokarta tun 1474, Amurka kuma ta kafa tata cikin 1790, takarda ta farko da ta bayar kuwa ta wani Samuel Hopkins ce, a kan hanyar tace gishirin toka. Akwai wata takarda dabam wadda ke kare siffa da ado kawai, amma ba ita muke magana a kai ba. Tamu ita ce mai kare yadda abu yake aiki.

Buƙatar da ake shigarwa tana da rukunai uku: zane, da bayani mai tsawo, da jerin da'awoyi a ƙarshe. Ɗalibin ilmi zai gane tsarin da sauƙi idan ya ɗauki da'awoyin a matsayin matani, bayanin kuma a matsayin sharhi, da sharaɗin cewa a nan matanin ne kaɗai ke ɗaure mutane, sharhin fassara shi kawai yake yi. Wannan shi ne asalin da duk sauran magana ke komawa gare shi: mai binciken hukuma ba ya manna faifan a ƙirjin kowa, galibi ma ba ya ganinsa da ido, kalmomin da'awa yake aunawa. Da'awa kamar iyakar gona ce. Wanda ya ja ta da faɗi ƙwarai zai shiga gonar magabata, a kore shi. Wanda ya matse ta ƙwarai kuma maƙwabci zai yi shuka dab da ita, ya ci amfanin dabarar ba tare da ya taka masa ko kunya ɗaya ba.

Mu ƙaddara wani injiniya ya lura da ɓarnar da fizgar waya ke yi, ya ce maganinta shi ne a ɗauke maɓalli daga kan jel a mayar da shi gefe. Wakilinsa, wato lauyan da ya ƙware a wannan fanni, zai rubuta da'awa ta farko kamar haka: faifan auna lantarkin jiki wanda ya ƙunshi shimfiɗa mai danƙo a fuska ɗaya, da gurbi a tsakiyarta mai ɗauke da jel, da azurfa mai rufin gishirinta tana taɓa jel ɗin, da kunne a gefe mai ɗauke da maɓalli, wanda siririn zanen azurfa ya haɗa da gurbin. Daga nan sai ƙananan da'awoyi su biyo, kowacce tana rataye a jikin ta farko tana ƙara sharaɗi: ta biyu ta ce shimfiɗar tana da hudoji don gumi ya fita, ta uku ta ce maɓallin na gawayi ne don kada ya fito a hoton ƙirji. A lura da kalmar "ya ƙunshi", domin a istilahin wannan fanni tana nufin waɗannan abubuwa da ma duk abin da aka ƙara a kansu, saɓanin a ce "bai wuce", wadda ke rufe ƙofa. Shari'o'i sun sha juyawa a kan irin wannan kalma guda.

Matakan bincike

Da takardu sun isa ofishin Amurka da ke Alezandariya ta jihar Bajiniya, ko na Turai mai hedikwata a Munik, abu na farko shi ne a rubuta ranar isowarsu, domin da wannan rana ake auna wanda ya riga wani. Sa'an nan a sa musu lambar fanni bisa tsarin da ƙasashe suka amince da shi a Sitirasbog cikin 1971: faifan da ke sauraron jiki yana shiga rukunin A61B, wanda ke tura lantarki cikin jiki don magani kuma yana shiga A61N. Da wannan lamba ake miƙa su ga mai binciken da ya saba da fannin. Galibi bayan wata 18 ake buga buƙatar kowa ya gani, ko an ba da haƙƙi ko ba a ba ba.

Mai bincike zai fara da karanta da'awa ta farko, ya rarraba ta gaɓa-gaɓa kamar yadda mahauci ke rarraba rago, ya ba kowace kalma mafi faɗin ma'anar da hankali zai ɗauka bisa abin da ke cikin sharhin. Idan an ce "kunne a gefe" ba a faɗi tsawonsa ko siffarsa ba, to, duk wani ɓangare da ya ɗan turo daga jikin faifai kunne ne a wurinsa. Sa'an nan ya shiga taskar magabata, wadda ba ta taƙaita ga takardun haƙƙi na ƙasarsa ba: mujallar likitoci, kundin digiri da ke ajiye a laburare, takardar tallar kamfani, takardar haƙƙi ta Jamus ko ta Japan wadda mai ƙirƙira bai taɓa jin labarinta ba, duk hujja ne a kansa matuƙar sun fito fili kafin ranarsa. A nan ne da yawa ke yanka kansu da wuƙarsu, domin wanda ya baje fasaharsa a taron masana kafin ya shigar da takarda, jawabinsa na kansa zai zama shaida a kansa. Amurka tana yi masa rangwamen shekara ɗaya, Turai kuwa, in ban da waɗansu 'yan halaye ƙalilan, ba ta yi.

Tambaya ta farko ita ce ta sabunta, kuma hukuncinta a sarari yake: idan aka sami takarda guda ɗaya tak wadda ta tattara dukkan gaɓoɓin da'awar, to, da'awar ta faɗi, idan gaɓa ɗaya ta ɓace a cikinta, da'awar ta tsira daga wannan mataki. Mu ƙaddara mai bincike ya samo wata tsohuwar takarda mai soso da jel da azurfa, amma maɓallinta a tsakiya yake. Wannan ba ta kashe sabuntar ba.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya, kuma a kanta ne mafi yawan jayayya ke aukuwa: shin abin da aka ƙara ɗin, gwanin sana'a matsakaici zai iya kai wa gare shi da kansa ba tare da wata fasaha ta musamman ba? Wannan gwani mutum ne na ƙiyasi, ba a haife shi ba, an ƙaddara cewa ya karanta duk abin da aka rubuta a fannin, yana da basira irin ta yau da kullum, amma ba shi da ilhama. Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Graham da kamfanin John Deere cikin 1966, ta tsara yadda za a bi: a san abin da magabata suka bari, a fitar da bambancinsa da da'awar, a auna matsayin gwanintar masu sana'ar, sa'an nan a dubi alamomi na gefe, kamar a ce an daɗe ana neman maganin matsalar wasu sun gwada sun kasa. A shari'ar KSR da Teleflex cikin 2007 kuma ta ƙara da cewa haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, idan ba su haifar da komai ba sai abin da aka zata, ba ƙirƙira ba ne. Turai tana da nata salon: a ɗauki takardar da ta fi kusa, a tambayi wace matsala bambancin ya warware, sa'an nan a tambaya ko gwanin nan, da ya fuskanci matsalar, lalle can zai nufa. To, idan mai bincikenmu ya samo takarda ta biyu, ta wani faifan gasa jijiya mai kunne a gefe, sai ya ce: ɗauki kunnen wannan ka ɗora a jikin waccan, ga faifanka ya fito.

Haɗarin wannan mataki sananne ne ga masu binciken kansu, wato kacici-kacici kan yi sauƙi bayan an faɗi amsarsa. Wanda ya riga ya karanta dabarar mai ƙirƙira yana iya komawa baya ya tsinto gutsattsarinta nan da can, ya ce ai a fili take. Saboda haka ba a karɓar haɗin takardu biyu daga mai bincike sai ya faɗi illar haɗin, wato dalilin da zai sa gwanin ya haɗa su tun bai ga amsar ba.

Tambaya ta uku ta shafi cika alkawarin cinikin: shin sharhin ya isa gwani ya ƙera faifan ba tare da dogon lalube ba, kuma kalmomin da'awa suna da haddi? Idan an ce jel "mai laushi sosai" ko danƙo "mai ƙarfi", mai bincike zai ce a faɗi ma'auni, domin iyakar da ba a san inda ta tsaya ba, ba iyaka ba ce. A Turai akwai wani ƙarin sharaɗi: ba a ba da haƙƙi a kan hanyar yi wa jikin mutum magani ko tiyata ko gano cutarsa, don kada a ɗaure hannun likita, amma ana bayarwa a kan kayan aikin. Don haka mai hankali faifan yake da'awa, ya bar likita da aikinsa.

Wasiƙar ƙi da yadda ake amsa ta

Galibi wasiƙa ta farko daga mai bincike ƙi ce, kuma bai kamata ta karya zuciyar kowa ba, domin tayin farko ne a ciniki. Za ta jera da'awoyin ɗaya bayan ɗaya, ta nuna shafi da layin da aka samo kowace gaɓa. A Amurka akan ba da wata 3 a amsa, ana iya ƙarawa zuwa 6 da biyan kuɗi. A Turai galibi wata 4 ne. Wanda ya bar wa'adi ya wuce, ana ɗaukar ya janye.

Hanyoyin amsa uku ne. Ta farko, a yi jayayya da hujja: wakili ya nuna cewa kunnen takarda ta biyu an yi shi ne don sauƙin ɓarewa, ba shi da alaƙa da fizgar waya, ko ma cewa takarda ta farko ta yi gargaɗi a kan nisanta maɓalli daga azurfa, wanda ke nufin magabata sun juya wa wannan hanya baya. Ta biyu, a gyara da'awa a matse ta. Idan injiniyanmu ya rubuta a sharhinsa tun farko cewa tsakanin kunne da gurbi akwai siririn wuya mai lanƙwasa, da tsaga biyu a gefensa, wanda ke shanye fizgar kafin ta isa jel, to, yana iya ɗauko wannan ya sa a matani, kuma idan babu shi a takardun magabata, ƙofa ta buɗe. Amma idan bai rubuta ba, ko da kuwa wuyan yana jikin faifan da ke aljihunsa, ba shi da ikon ƙara shi yanzu, domin an haramta shigar da sabon abu bayan ranar farko. Guzurin da mutum ya ɗaura ran tashi, shi zai ci har ƙarshen tafiya. Ta uku, a kawo shaidar awo da rantsuwa: a gwada faifan da mafi kusa daga na magabata, a hali ɗaya, a nuna bambancin ya wuce abin da gwani zai zata. Yabon kai ba ya shiga ma'auni.

Yana da kyau wakili ya nemi ganawa da mai bincike, ko ta waya, domin sau da yawa saɓanin wata shida kalma ɗaya ce kowa ya fahimta dabam. Kuma ya kiyaye harshensa, saboda duk abin da ya rubuta yana shiga kundi, kuma idan ya ce da'awarsa ba ta shafi faifai mai kunne gajere ba don ya tsira yau, gobe a kotu ba zai iya kama mai irin wannan faifan ba. A Amurka kuma wajibi ne ya bayyana duk wata takardar magabata mai muhimmanci da ya sani, ɓoye ta da niyyar yaudara na iya rushe haƙƙin ɗungum. Idan ƙi ya zama na ƙarshe, saura ya biya a ci gaba da bincike, ko ya ɗaukaka ƙara gaban majalisar alƙalan ofishin.

Bayan an bayar

Samun takardar ba shi ne ƙarshen hisabi ba. A Turai kowa yana da wata 9 ya shigar da adawa. A Amurka ana biyan kuɗin raya haƙƙi bayan shekara uku da rabi, da bakwai da rabi, da goma sha ɗaya da rabi, in ba a biya ba ya mutu. Haƙƙin kuma bai ƙetare iyakar ƙasar da ta ba shi, sai dai yarjejeniyar Paris ta 1883 ta ba mutum wata 12 ya shigar a wasu ƙasashe yana riƙe da ranarsa ta farko. Mai karatu na gida ya sani cewa dokar Nijeriya ta 1970 ta ɗora wa magatakarda duba cikar takardu ne kawai, ba ya auna sabunta, don haka ingancin haƙƙin sai ranar da aka je kotu ake saninsa. Nijar da Kamaru da Chadi ofishinsu ɗaya ne a Yawunde, Gana da Sudan kuma suna cikin ƙungiyar da ke Harare.

Kada kuma a ɗauki takardar haƙƙi a matsayin shaidar lafiya ko izinin sayarwa. Ko jel ɗin zai ƙona fatar jariri, ko faifan zai farfaɗo da sauri bayan an buga wa majinyaci lantarkin tayar da zuciya, wannan aikin hukumar abinci da magunguna ne, da ma'aunanta dabam. Mai binciken haƙƙi abu ɗaya ya tabbatar, cewa iyakar da aka ja ba ta ci gonar magabata ba. Saboda haka wanda Allah ya hore wa wata dabara, kafin ya nuna ta a taro ko ya kai ta kasuwa, ya zauna ya rubuta sharhinta da yalwa, kowace siffa da kowane awo da kowane madadi, har abin da yake ganin bai kai a faɗa ba, domin sau da yawa babbar dabarar da yake alfahari da ita an riga shi, kuma ɗan siririn wuyan nan da ya kusa mantawa shi ne zai rage masa.